Yadda Ake Gyara Karce Da Ɓantarewar Fenti A Jikin Baƙar A-kori-kura

Duk mai baƙar Hilux a Katsina ko Daura ya san babu launin da yake tona asirin karce kamar baƙi. Tsakuwar da tayar babbar mota ta cillo a hanyar Katsina zuwa Daura, da ƙayar bagaruwa a hanyar gona, da buhunan hatsin da ake ja ta gefen bodi a kasuwar Mai'aduwa, kowanne yana barin farin tabo da ake hangowa daga nesa. Da yawa sukan garzaya wurin mai fenti a fesa wa ƙofar gaba ɗaya, alhali fentin kamfani ya fi kowane feshi ƙarko, kuma ranar da za a sayar da motar, abin da dillali zai fara tambaya shi ne ko fes bodi ce, wato ko fentinta na asali ne a jikinta. Yawancin waɗannan tabo mutum yana iya gyara su a gida, in dai ba shi da gaggawa.

Fentin mota hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai firaima, wadda galibi ruwan toka ce, sai launin baƙin, sannan a sama wani fenti marar launi mai sheƙi da masu fenti suke kira kiliya. Dukkansu a haɗe ba su wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba, saboda haka kafin a taɓa komai sai an gane iyakar zurfin raunin. A wanke wurin, a jiƙa shi da ruwa: idan karcen ya ɓace yayin da yake a jiƙe, to a kiliya kawai ya tsaya. Idan farce yana maƙalewa a cikinsa, ko ana ganin ruwan toka ko hasken ƙarfe, to ya yi zurfi, gogewa kaɗai ba za ta fitar da shi ba.

Karcen sama ba shi da wahala. A sa ɗan kamfawun, wato man goge karcen fenti, a kan tawul mai laushi, a goga a hankali kan wuri kaɗan, a share a duba, sannan a bi da folish don sheƙi ya dawo. A tuna cewa kamfawun cin kiliya yake yi, don haka da zarar karcen ya dushe sai a tsaya.

Inda aikin yake shi ne wurin da fenti ya ɓantare, kuma nan ne ake yawan ɓata mota tun daga sayen fenti, domin baƙi ba iri ɗaya ba ne. A motocin Toyota, lamba 202 baƙi ne zalla, amma 209 da 218 suna da ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli da ake gani idan rana ta haska. Lambar tana kan ɗan farantin da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin bonet, bayan haruffan C/TR. A kwafe ta a kai wa mai haɗa fenti, ya haɗa ɗan kaɗan a ƙaramar kwalba, tare da kiliya da firaima. Kada a yarda da jan farce ko alƙalamin maka, domin rana ɗaya ta watan Afrilu ta isa ta nuna bambancin.

A yi aikin a inuwa, da safe, lokacin da jikin motar yake da sanyi. Baƙin ƙarfe da ya sha ranar bazara yakan yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa, fenti kuwa a irin wannan wuri yana bushewa kafin ya kwanta. Da hunturu matsalar ƙura ce, don haka gara a shigar da motar gareji a yayyafa wa ƙasa ruwa. Gindin darbejiya yana da inuwa, amma tsuntsaye da ganye ba sa barin ɗanyen fenti ya zauna lafiya.

Bayan an wanke wurin ya bushe, a share shi da sifirit don a cire maiƙo. Idan tsatsa ta fara fitowa, a naɗe ƙaramin yankin samfefa a kan bakin tsinke a kankare ta har ƙarfe ya yi haske, domin tsatsar da aka rufe da fenti ci gaba take yi a ƙarƙashi, damina ɗaya kuma sai wurin ya kumbura. Sai a ɗiga firaima a kan ƙarfen a bar ta ta bushe. Daga nan a girgiza kwalbar fentin sosai, a tsoma tsinken sakace, a taɓa tsakiyar ramin da bakinsa, a bar fentin ya malala da kansa zuwa gefe. Burushin da yake zuwa da kwalba ya cika girma ga irin wannan aiki, shi ne yake barin ƙullutu. A jira kamar minti 30 a ƙara wani ɗigo, a maimaita sau biyu ko uku har ramin ya kusa cika, domin fenti yana motsewa idan ya bushe. Hawa na ƙarshe kiliya ce, ita kuma ana so ta ɗan ɗara fentin da ke kewaye da ita kaɗan.

A bar shi kwana biyu ko uku. Sannan a jiƙa samfefa mai lamba 2000 ko 3000 a ruwa, a naɗe ta a kan wani abu mai faɗi kamar robar goge rubutu, a shafa a kan tudun da sauƙin hannu, ana sharewa ana dubawa, har yatsa ya daina jin bambanci. Wurin zai dushe, wannan ba abin tsoro ba ne, kamfawun da folish za su dawo da shi. Amma a kiyayi bakin ƙofa da layukan da suka lanƙwasa, inda fenti ya fi siranta. Kakin mota kuwa, wanda ake shafa wa fenti don kariya da sheƙi, sai bayan wata guda, idan fentin ya gama ƙanƙamewa. A ganina, wanda bai taɓa riƙe samfefa ba ya fara gwadawa a cikin murfin baya, inda ido ba ya kaiwa.

Karcen da ya fi tafin hannu faɗi, ko wanda ya zo da lotsewa, ko tsatsar da ta huda ƙarfe, wannan aikin fanal bita ne da mai feshi.

Siraran layukan da suke zagaye a jikin baƙar mota idan rana ta haska kuwa, mafi yawansu daga gida ake yin su, wato yaro ya ɗauki busasshen tsumma da safe ya kaɗe ƙurar hunturu. Wannan ƙura tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, tsumman kuma jan ta yake a kan kiliya. A fara kwarara ruwa ya sauke ƙurar, a wanke daga sama zuwa ƙasa da sabulun mota, ba garin sabulun wanki ba, kuma tsumman da ya taɓa taya ko ya faɗi ƙasa kada ya koma jikin fenti.