Ciwon bawul ɗin zuciya: kurakuran da ƙananan likitocinmu ke ta maimaitawa

Na gaji da ganin takardar mara lafiya ɗauke da "maleriya da taifot" alhali zazzaɓinsa ya wuce wata guda, ba wanda ya yi tunanin ko ƙwayoyin cuta ne suka kama bawul ɗin zuciyarsa. A nan Katsina matasa da yawa suna yawo da bawul (ƙofar da ke hana jini komawa baya a zuciya) da ciwon rumatik, mai biyo bayan ciwon maƙogwaro, ya lalata tun suna yara. Irin wannan bawul ɗin ne ƙwayoyin cuta na baki, wato Streptococcus viridans, suke kamawa, sau da yawa ta hanyar ruɓaɓɓen haƙori ko dasashi mai zubar jini. Wannan ƙwaya ba ta zuwa da hayaniya. Zazzaɓi ƙasa-ƙasa, gumin dare, rama, ƙarancin jini, wani lokaci saifa ta kumbura. Sai a yi gwajin Widal na taifot, ya nuna wani abu, a ba da magani a sallami mutum.

Babban laifin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi jini don shuka shi a lab a ga ƙwayar cutar da za ta tsiro. An kawo mana wata budurwa daga wajen Mashi, ta sha kafsul a kemis, an yi mata allurai a wurare biyu. Jinin da muka ɗiba bai tsirar da komai ba, muka yi ta lalube a duhu har wani gutsure ya ɓalle daga bawul ɗin ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinta ya shanye. Haba! Mene ne wahalar ɗiban jini sau uku daga jijiyoyi daban-daban kafin allurar farko? Ni dai dokata ke nan: zazzaɓi ya daɗe, na ji huci a zuciya (sautin da lalataccen bawul ke yi), babu magani sai jini ya tafi lab, sannan a yi hoton eko na zuciya. In mutum yana cikin matsanancin hali, a ɗebi jinin da sauri a fara magani nan take.

Kuskure na biyu: jiran sai an ji hucin. Wani nau'in ƙwayar cuta, Staphylococcus aureus, ba ya jira. Yana cin lafiyayyen bawul cikin kwanaki, da zazzaɓi mai zafi da rawar sanyi, kuma da farko ƙila ba ka ji komai a ƙirji. Ka tuna da shi a mai wankin ƙoda, a wanda aka bar wa kanula (robar ƙarin ruwa a jijiya) har ta yi ruwa, da mai sikila da ya saba yi wa kansa allurar pentazocine mai rage raɗaɗi. A masu yi wa kansu allura a jijiya ya fi kama bawul na ɓangaren dama, sai ciwon ya bayyana a huhu, ka ɗauka nimoniya ce.

Dattijo mai robar fitsari, ka yi zaton ƙwayar cutar Enterococcus. In lab ta ce Streptococcus gallolyticus, a leƙa babban hanji, don yana da alaƙa da sankarar hanji. In jini bai tsirar da komai ba kuma makiyayi ne mai shan ɗanyen nono, ka nemi ƙwayar cutar Brucella.

A baƙar fata tabon Janeway da ƙullutun Osler, alamomin wannan ciwo da ke fitowa a hannu da ƙafa, suna ɓuya, don haka ka duba tafin hannu, tafin ƙafa, farce da cikin fatar ido, ka kuma gwada fitsari ko akwai jini. Kuma kada ka sallami mutum don zazzaɓi ya sauka a mako na farko. Maganin na jijiya ne, mako 4 zuwa 6.