Makon Farko a Gidan Masu Masauki: Jagora ga Ɗalibin Musaya

Tun daren farko ka tambayi uwar gida: ƙarfe nawa ake cin abinci, yaushe ne dole ka dawo gida, yaya ake kunna ruwan zafi? Saɓani yakan faro daga nan, domin kowane gida gani yake kowa ya san ƙa'idarsa.

Duba cajarka kafin ka jona. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Turai 230. Lambar wayar jami'in shirin musayar kuwa, rubuta ta a takarda, waya tana iya mutuwa.

Kiran gida sau biyu a mako ya isa. Wanda ya kwana hira da 'yan gidansu zai wuni gyangyaɗi a aji, sabon harshen kuma ba zai zauna a bakinsa ba. Idan kewa ta taso, fito falo ka taya su wanke kwanuka.