Darasi na Bakwai: Yadda Ake Zaɓen Hannun Jarin da Ya Cancanci Kuɗinka

Wanda ya je kara sayen sa don kiwo ba ya zaro kuɗi saboda kawai ya ji ana cewa shanu za su yi tsada. Sai ya zagaya dabbar, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya taɓa tozo, ya sa a ja ta ya ga tafiyarta, sannan ya tambayi dillali nawa aka taya. Irin wannan natsuwa ake bukata wajen sayen hannun jari, domin abin da ake saye a nan ma dukiya ce mai lafiya ko mai ciwo, sai dai ita a takarda ake duba lafiyarta.

Hannun jari wani kaso ne na mallakar kamfani. Idan aka raba kamfani gida miliyan 1 kai kuma ka sayi gida 1,000, to kana cikin masu kamfanin gwargwadon abin da ka riƙe, ribarsa ta shafe ka, asararsa ma ta shafe ka. A Najeriya ana wannan ciniki ne a kasuwar hannayen jari da ke Legas, wadda aka kafa a 1960, ta fara aiki a 1961, kuma tun 2021 ake kiranta NGX. Kamfanoni fiye da 100 ne ke da rajista a cikinta. Mutum ba ya shiga ya saya da kansa, sai ta hannun dillali mai lasisi daga hukumar SEC, wadda ita ce ke sa ido a kan harkar, kuma dillalin yana da la'adarsa a kowane saye da sayarwa. Shi zai buɗe maka asusu a CSCS, inda ake rubuta sunan kowa da adadin abin da ya mallaka. Amfanin da mai hannun jari ke samu iri biyu ne: rabon riba da kamfani ke biya idan ya ci riba kuma ya yanke shawarar rabawa, da kuma ƙarin kuɗi idan farashi ya tashi ya sayar. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka yi wa kowa alkawari.

Me kamfanin yake sayarwa?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ɗalibin da bai yi dogon karatu ba yana iya amsa ta fiye da yadda yake zato. Magini ya san ko siminti yana tafiya a bana, ya kuma san wanda masu gini suka fi nema. Mai shago a kasuwar Singa ya san buhun sukari da katan ɗin taliya na wane kamfani ne ba sa kwana a shago. Mai sayar da katin waya ya san layin da jama'a suka fi sa wa kuɗi. Da yawa daga cikin masu waɗannan kayayyaki suna cikin kasuwar: kamfanin simintin Dangote, mai masana'antu a Obajana da Gboko da Ibese, ya shiga a 2010, MTN ya shiga a 2019, simintin BUA, wanda ke da masana'anta a Sakkwato, ya shiga a 2020, akwai kuma kamfanin sukarin Dangote mai gonar rake a Numan ta jihar Adamawa. An kawo sunayen nan ne don misali, ba wai ana cewa a je a saye su ba. Abin nufi shi ne mutum ya fara da sana'ar da ya gane yadda take kawo kuɗi. Idan ba za ka iya yi wa maƙwabcinka bayani cikin jimla biyu kan abin da kamfani ke sayarwa da waɗanda ke saye ba, sa kuɗi a cikinsa cinikin biri a sama ne.

Duba lissafin kamfani

Kaya su yi farin jini daban, mai kayan ya ci riba daban, kuma duk ɗan kasuwa ya taɓa ganin shagon da ke cike da masu saye amma bashi ya rufe shi. Saboda haka doka ta wajabta wa kowane kamfani da ke kasuwar ya fitar da lissafinsa duk bayan wata uku, sannan ya fitar da na shekara wanda masu binciken kuɗi na waje suka tantance. Ana samun waɗannan rahotanni kyauta a shafin intanet na NGX da na kamfanin kansa. Da Turanci ake rubuta su, kuma suna da kauri, amma wannan kada ya karya wa kowa gwiwa, domin ba duka ake bukata ba. Ka nemi dillalinka, ko wani ɗa ko ƙane da ya yi makaranta, ya fitar maka da lambobi huɗu: jimillar cinikin shekara, ribar da ta rage bayan haraji, bashin da ake bin kamfanin, da rabon ribar da ya biya a kan kowane hannun jari. Ka rubuta su a littafinka na shekara biyar a jere. Lissafin shekara ɗaya yana iya ruɗar mutum, domin kamfani kan sayar da fili ko gini ribarsa ta kumbura sau ɗaya, amma a shekara biyar za ka ga ko ciniki yana ƙaruwa, ko riba tana bin sa, ko kuwa ciniki na hawa riba na sauka.

Maganar bashi ta cancanci a tsaya a kanta sosai, domin a nan ne mutane da yawa ba sa dubawa. Ba yawan bashin kaɗai ake tambaya ba, har da irin kuɗin da za a biya shi da su. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya sake wa naira mara, kasuwa ta riƙa yanke mata farashi. Dalar Amurka da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Ka lissafa da kanka: kamfanin da ake bi dala miliyan 1, wato wajen naira miliyan 460, ya wayi gari ana bin sa fiye da naira biliyan 1 da rabi, alhali bai karɓi ko sisi ƙari ba. Ta haka ne manyan kamfanoni irin su MTN da Nestle na Najeriya suka bayyana asara a lissafinsu na 2023, duk da cewa jama'a ba su daina kiran waya ko sayen kayan shayi da na miya ba. Kamfanin da ke sayar da kayansa da naira amma yake shigo da kayan aiki ko yake cin bashi da dala yana cikin wannan haɗari kullum, kuma wajibi ne mai saye ya tambaya kafin ya biya.

Tsada da araha

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ɗaukar hannun jarin naira 10 a matsayin mai araha, na naira 200 kuma mai tsada. Ba haka ake aunawa ba. Ana kwatanta farashi ne da ribar da kamfani ya samu a kan kowane hannun jari guda. Mu ɗauki misali na ƙirƙira don koyon lissafi. Kamfani na farko ana sayar da hannun jarinsa naira 10, ribarsa ta shekara a kan kowane guda kuma kobo 50 ce. Idan ka raba naira 10 da kobo 50 za ka sami 20, ma'ana sai ribar shekara 20 irin ta bana ta taru kafin ta kai abin da ka biya. Kamfani na biyu ana sayar da nasa naira 200, ribarsa a kan kowane guda naira 40. Raba 200 da 40, ka sami 5. Na biyun ne mai araha, ko da yake kuɗinsa ya ninka na farko sau 20.

Haka kuma ake auna rabon riba. Idan kamfani na biyu ya raba naira 20 a kan kowane hannun jari, ka sami kashi 10 cikin 100 na kuɗinka ke nan, sai dai gwamnati tana cire harajin kashi 10 cikin 100 daga rabon tun kafin ya iso ka, saboda haka naira 18 ce za ta shiga asusunka. Wannan ma sai an gwada shi da tsadar rayuwa, domin a 2024 hauhawar farashin kaya a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin 100, kuma a irin wannan shekara rabon kashi 9 shi kaɗai bai rufe abin da kuɗin suka rasa na daraja ba. Shi ya sa ake neman kamfanin da ribarsa ke girma, wanda yake iya ƙara kuɗin kayansa ba tare da masu saye sun guje shi ba. A kula da abu biyu. Kwatanci yana yin ma'ana ne tsakanin masu sana'a ɗaya, siminti da siminti, banki da banki. Sannan wani lokaci farashi kan faɗi ƙasa ne don masu lura sun hango matsala, kamar yadda dabbar da aka karyar da kuɗinta a kara take sa mai hankali ya ƙara dubawa.

Abin da ya faru a 2008

Akwai gidaje da yawa a Kano da Kaduna da sauran garuruwa da har yau suke ajiye da takardun hannun jarin da aka saya tsakanin 2005 da 2008. A lokacin bankuna suna neman jari bayan an umarce su a 2004 su kai jarinsu naira biliyan 25, farashi yana ta hawa, kowa yana ba ɗan'uwansa labari, har wasu suka ci bashin banki suka saya, wasu suka sayar da filaye. Ma'aunin kasuwar, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jari gaba ɗaya, ya haura 66,000 a watan Maris na 2008, bayan shekara ɗaya kuma ya dawo wajen 20,000. A watan Agusta na 2009 Babban Banki, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, kuma a 2011 aka karɓe wasu bankuna uku, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Yawancin waɗanda abin ya fi yi wa ciwo ba su taɓa ganin lissafin kamfanin da suka saya ba, hawan farashi kaɗai suka gani. Wanda ya saya da bashi kuwa bai sami damar jira ba, domin mai bin bashi ba ya jiran kasuwa ta farfaɗo. Ra'ayin mai wannan rubutu shi ne kada a taɓa sayen hannun jari da kuɗin aro, ko kuɗin abinci, ko na haya, ko na makarantar yara. Kuɗin da za a iya haƙura da su shekara uku zuwa biyar su ne na wannan harka, kuma a raba su tsakanin sana'o'i daban-daban, kamar yadda manomi ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya don idan damina ta ƙi wani ta karɓi wani.

Halal da haram

Ga Musulmi akwai ƙarin tacewa. Malamai sun hana sa jari a kamfanin da asalin sana'arsa giya ce, ko caca, ko bashi da ruwa, kuma suna duba yawan bashin ruwa da ke kan kamfani ko da sana'arsa halal ce. Tun 2012 kasuwar tana da jerin kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idar shari'a tare da kamfanin Lotus Capital, kuma ana sabunta jerin lokaci-lokaci, don haka a nemi na yanzu wajen dillali. Bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, shi ma yana kasuwar tun 2017. Sai dai kasancewar kamfani halal ba ta nuna cewa farashinsa ya yi daidai, lissafin da aka koya a sama yana nan a kansa. Batun zakkar hannun jari da yadda ake fitar da ɗan abin da ya gauraya da riba na haram, a kai shi gaban malamin da ya san fiƙihun ciniki.

Kafin a miƙa kuɗi

A tabbatar sunan dillali yana cikin jerin masu rajista a shafin hukumar SEC. Duk wanda ya ce zai ba ka riba tsayayya kowane wata, ba hannun jari yake sayar maka ba; wata harkar zuba kuɗi ta intanet mai suna MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ta kuma rufe da kuɗin jama'a a watan Disamba na 2016. Wajen cika takarda, ka rubuta sunanka daidai da yadda yake a BVN ɗinka, da tsari ɗaya da harafi ɗaya, domin saɓanin suna, kamar Muhammad a nan Mohammed a can, yana daga cikin abubuwan da ke sa rabon riba ya maƙale shekara da shekaru. Ka cika takardar da za ta sa a riƙa tura rabon kai tsaye cikin asusunka na banki. Ka kuma rubuta sunan dillalinka da lambar asusunka ta CSCS ka ajiye inda iyalinka suka sani, saboda hannun jari dukiya ce da ake gado.

Aikin gida

Wani kamfani ana sayar da hannun jarinsa naira 60, ribarsa a kan kowane guda naira 12, kuma ya raba naira 6. Ka lissafa shekara nawa ribar za ta ɗauka kafin ta kai farashin, da kuma nawa zai shiga asusun wanda ke da guda 500 bayan an cire haraji. Bayan haka ka zaɓi kamfani ɗaya da kake amfani da kayansa a gida ko a wurin sana'a, ka nemo lambobinsa huɗu na shekara biyar, ka rubuta su a littafinka, ka zo da su aji mako mai zuwa don a duba tare.