Yadda Ake Hana Gubar Fumfuna Shiga Masara, Daga Gona Zuwa Buhu

Fumfunar nan mai launin kore-kore da ke fitowa a bakin goyon masara, masana na kiranta Aspergillus flavus, gubarta kuma afulatoksin. Tana lalata hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, kuma dahuwa ba ta kashe ta. A 2004 ta hallaka mutum 125 a Kenya.

Kafin a je gona, a san wani abu guda: ba kowace irin wannan fumfuna ce ke yin guba ba. Ƙwayoyin gadon da ke haɗa gubar sun kai 25 ko fiye, a jere wuri ɗaya, kuma akwai guda mai suna aflR wadda ita ke kunna sauran. Wasu jinsunan an haife su da giɓi a wannan jeri, don haka suna kama masara kamar 'yan uwansu amma ba sa iya yin guba. 

A kan wannan giɓi aka gina Aflasafe, maganin da cibiyar binciken noma ta IITA ta samar, hukumar NAFDAC ta yi masa rajista a 2014. Gasasshiyar dawa ce mai shuɗin launi, ɗauke da jinsi huɗu marasa guba da aka zaƙulo daga ƙasar Najeriya. Suna riga masu guba kama wuri.

Ka gama noman ƙarshe da sa taki tukuna. Sati biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure, ka watsa Aflasafe kilo 10 a kowace hekta, da hannu, lokacin da ƙasa ke da danshi. Kada ka rufe shi da ƙasa, domin sai a sarari fumfunar ke tsirowa, iska ta kai ta kan shuka. Nan mutane suka fi kuskure: su watsa yau, gobe su shiga da garma. Haka wanda ya jira har gemu ya fito, ya makara, masu guba sun riga sun zauna. In an yi daidai, gubar kan ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye.

Tsutsa ma abin lura ce, don ramin da ta huda shi ne ƙofar fumfuna. Fari a lokacin goyo ma yana ƙara gubar.

Girbi a Kano kan faɗo ƙarshen damina, kafin hunturu ya busar da iska. Kada a tara masara a ƙasa. A ɓare, a ware goyon da ya canja launi, a shanya a kan tamfol ko daɓen siminti har danshi ya sauka zuwa kashi 13. Ba ka da na'urar awo? Zuba masara sulusin busasshiyar kwalba, ƙara gishiri busasshe cokali biyu, girgiza minti ɗaya, ka ajiye minti 15. In gishirin ya manne a jikin kwalba, koma shanya.

Sai a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako nesa da bango.

Mai saye a kasuwar Dawanau ya zura hannu tsakiyar buhu, ya sansana, ya duba fasassun ƙwayoyi, ko da yake ido ba ya ganin guba, sai gwaji. Lalatacciyar masarar da aka tsince kuma kada a ba shanu ko awaki, don gubar tana fitowa a nono. A binne ta.