Idan aiki ya sa maka ciwo: yadda ake neman diyya a NSITF

Wanda injin ya yanke wa yatsa ba ya shan wahalar shaida, kowa ya ga jini. Wanda ƙurar siminti ko ta fasa dutse ta cinye wa huhu sannu a hankali, shi ne abin tausayi, don a nan Sakkwato amsar da ake ba shi a shirye take: ai hunturu ne, kowa tari yake. A shekarun da na yi ina rubuta wa 'yan ƙungiyarmu ta ƙwadago takardu, akasarin waɗanda suka rasa haƙƙinsu rashin rubutu ne ya kayar da su.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ita ce madogara, NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ke gudanar da ita. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa kowane wata, kuma haramun ne ya cire daga aljihunka. A ƙarshen dokar akwai jerin cututtukan da aiki ke jawowa: ciwon huhu daga ƙura, asma, ciwon fata irin na masu taɓa sinadarin jima, gubar dalma, da kurmancewa saboda ƙarar injina.

Fara da likita, ba kemis ba. Je asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wani asibitin gwamnati mai ajiye fayil. Kada ka tsaya kan "tari nake yi". Faɗa masa irin aikinka, shekara nawa kana yi, abin da kake shaƙa, ko ana ba ku takunkumi, da ko numfashin na sassautawa in ka yi hutu. Roƙe shi ya rubuta wannan a fayil. Nan ne shari'ar take gaba ɗaya: likita ya danganta ciwon da aikin, a rubuce. Hoton ƙirji, gwajin majina, rasiɗin magani, duk ka yi musu kwafi ka adana a gida, kada ka bar su a wurin aiki.

Daga ranar da ka san ciwon, kwana 14 gare ka ka sanar da mai aiki. Na san al'adarmu, ka tare ogan sashe bayan sallar Azahar ka ce "ranka ya daɗe, jikin nan ba daɗi", ya ce Allah ya sawwaƙe. Ba ka sanar ba ke nan. Rubuta sunanka, ciwon, wurin aikin da kwanan wata, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Shi kuma doka ta ba shi kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma. Bayan mako guda ka taka da kanka zuwa ofishin NSITF ka tambaya ko ya kai, ka kuma karɓi fom na neman diyya. Tafi da takardar ɗaukar aiki, katin shaida da takardun albashi.

Shekara ɗaya ce wa'adin shigar da buƙata. Hukuma na iya ɗaga ƙafa har shekara uku in akwai uzuri mai ƙarfi, amma ban shawarci kowa ya jingina da wannan ba.

Sai batun ambulan. Wani lokaci a kira ka ofis, a miƙa maka ɗan abu "na magani", a ce sa hannu nan. Karanta, ko ka kai wa wanda zai karanta maka. Dokar ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yafe diyyarsa ba ta da tasiri, amma warware ta daga baya aiki ne. Ka kwatanta: wanda ya nakasa gaba ɗaya, doka ta yanka masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, ban da kuɗin jinya.

Zaɓi kuma ɗaya ne, ko diyyar hukuma ko ƙarar kamfani a kotu, kuma cikin wata 6 ake yanke wannan shawara. Ga talaka na fi son hanyar hukuma, don ba sai ka tabbatar da sakacin kowa ba. In hukumar ta ƙi biya, kana da kwana 180 ka nemi ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.