Yadda Ake Sa Wa Kayan Shago Bakod Ba Tare da Asarar Sitika Ba

Na jima ina haɗa wa masu shaguna kwamfuta da sikana, wato na'urar karanta bakod, a nan Garwa, wani lokacin har Marwa ake kirana. Na'ura ba ta cika ba mutane wahala ba. Abin da ke kayar da sababbin shiga shi ne 'yar takardar nan da ake mannawa a jikin kaya. Don haka ba zan tsaya kan jona sikana ba: ka soka wayarta a kwamfuta, ta yi ƙara, shi ke nan.

Da farko ka sani, layukan nan baƙaƙe da ake kira bakod ba su ɗauke da farashi. Lamba ce kawai, sunan kayan ne a harshen na'ura, farashi kuwa yana cikin kwamfutarka. Wani Ba'amurke, Norman Joseph Woodland, shi ya faro dabarar yana zaune a bakin teku a Miami, ya ja yatsunsa a yashi yana tunanin saƙon Morse, rubutun nan mai ɗigo da ɗan layi. Shi da abokinsa Bernard Silver sun sami takardar mallakar ƙirƙira a 1952, kuma tasu siffar zobba ce, wani cikin wani. Da aka zo gwadawa a kantuna, sai tawada ta riƙa malalewa wajen bugu, zobban su ƙi karantuwa. George Laurer na kamfanin IBM ne ya fito da tsayayyun layukan da aka amince da su a 1973, domin in tawada ta ja ta tsawon layi, layin kawai yake ƙara tsayi. Ranar 26 ga Yuni 1974 aka fara karanta wannan bakod a jikin ƙunshin cingam na Wrigley's a garin Troy, jihar Ohayo. Ka ga tun fil'azal bugu ne ciwon kan wannan sana'a.

Ka raba kayanka gida biyu. Madarar gwangwani, sabulu, taliya, duk abin da ya zo da bakod daga masana'anta, kada ka buga masa komai, ka karanta nasa ka shigar. Galibi lamba 13 ce, tsarin da Turawa suka faɗaɗa daga na Amurka mai 12. Ukun farko suna nuna ƙasar da kamfanin ya yi rajista: 617 Kamaru, 615 Najeriya, 690 zuwa 699 Sin. Rajista na ce fa, ba wurin ƙera kaya ba, kada ka rantse wa mai saye a kan wannan.

Gida na biyu su ne kayan da kake ƙullawa da kanka: sukari a leda, garin yaji, man gyaɗa, zumar Ngaundere a kwalba. Waɗannan ka ba su lamba mai farawa da 2, domin daga 200 zuwa 299 an ware su don amfanin cikin shago, ba za su yi karo da kayan kowa ba. In kuma zumarka za ta shiga manyan kantunan Yawunde ko Duwala, sai ka yi rajista da GS1, ƙungiyar da ke raba lambobin, ka biya kuɗinsu. Kwafar lambar wani kaya daga intanet ba wayo ba ne. Na ga wanda ya yi, aka karanta yajinsa, kwamfuta ta ce shamfu.

Lamba ta 13 ba kai kake zaɓarta ba, lissafi ne. Ka tara lambobin gurbi na 1, 3, 5 har 11, ka tara na 2, 4 har 12 ka ninka uku, ka haɗa, abin da ya rage a cika goma shi ne ita. Misali 200000000015: biyu da ɗaya uku, biyar sau uku 15, jimla 18, saura 2 a cika 20. Manhaja tana yi da kanta, ka bar ta ta yi.

To ga inda na sha wuya. Firintar sitika iri biyu ce. Akwai mai ƙona takarda da zafi kai tsaye, irin ta rasit, akwai mai ribon da ke narkar da tawada a kan takarda. Ta farko ta fi araha, ba ta cin ribon, shi ya sa kowa ke rugawa gare ta. Na taɓa bugawa wani Alhaji sitikar shago guda da ita a ƙarshen sanyi, komai na tafiya daidai. Da zafin Maris ya shigo, rufin kwano ya ɗauki rana, sai ya kira ni: "Malam, zo ka ga aikinka." Na je na tarar da kwalaben da ke kantar sama takardunsu sun yi toka-toka kamar an shafa musu gawayi, na kusa da ƙofa kuma layukan sun koɗe sai ka ƙura ido. Yaron shago yana ta goga leda a gilashin sikana, layi ya taru har waje. Takardar da zafi ke yi wa rubutu, zafin Garwa ma zai yi mata. Kwana uku muka yi muna ɓare tsofaffi da farce.

Tun daga ranar, kayan da zai wuce sati biyu a kanta ba na buga masa sai da ribon. Kayan mai da na firji kuwa sitikar roba nake sa musu, domin maiƙo yana cinye rubutun takardar zafi nan da nan. Kuɗin ya fi yawa, na sani, amma ka lissafa da ladan ma'aikacin da zai sake manna komai.

Abu na biyu da ke ɓata aiki shi ne rowar takarda. Mutum ya matse zanen don ya sami sitika uku a wurin biyu. Girman asali wajen milimita 37 ne a faɗi, kuma ƙa'ida ba ta yarda a rage shi ƙasa da kashi 80 cikin ɗari ba. Farin filin da ke hagu da dama shi ma cikin zanen yake, da shi sikana ke gane mafari da ƙarshe. Kada ka cusa sunan shago ko lambar waya a ciki. Launi kuma baƙi a kan fari, ba ni da wani zaɓi. Hasken sikana ja ne, jan layi a wurinsa tamkar babu. A ƙaramar kwalba ka juya sitikar layukan su kwanta kamar matakan tsani, don lanƙwasar kwalba kada ta ɓoye gefe. A leda kuma ka guji bakin ɗinki da inda take tattarewa.

Kafin ka buga dubu, buga goma. Manna su a ainihin kayan, ka ajiye biyu a kantar da ta fi zafi kwana uku, sannan ka gwada.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Kowane girma da lambarsa, rabin kilo daban, kilo daban. Ka shigar da suna da farashi a sefa, ka kwafe bayanan a filas duk daren Juma'a, ka sayi batirin riƙe wuta saboda ɗaukewar lantarki. In za ka sayi sikana, ɗauki mai kyamara, domin tana karanta QR, wannan murabba'in da kamfanin Denso Wave na Japan ya fitar a 1994, har daga fuskar waya. Lokacin ƙurar hunturu a riƙa share gilashinta da tsumma mai laushi kowace safiya.