Ziyara daban, zama daban: kurakuran da baƙi ke yi kafin su tare a Accra

Ni ɗan unguwar Nima ne a Accra, kuma sana'ata nemar wa mutane ɗaki da gida. Tun 2019, shekarar da gwamnatin Akufo-Addo ta kira Shekarar Komawa Gida don tuna cika shekara 400 da kai bayin Afirka Virginia a 1619, baƙin da nake karɓa suka ƙaru, suka kuma canza kama. Akwai baƙaƙen fata daga Amurka da Jamaika, akwai Turawa masu fansho da sanyin ƙasarsu ya gundura, ga kuma namu na zango da ake kira borga, wato waɗanda suka share shekara talatin a Bronx ko Hamburg, gwiwa ta fara ciwo, gida yana kira. Kusan dukkansu a watan Disamba suke sauka, kuma kafin mako biyu sai ka ji tambaya: in sayar da komai in dawo?

Kuskuren farko ke nan, yanke shawara a Disamba. A wannan watan Accra kwalliyar salla take yi. Hunturu ya busar da iska, sauro ya yi sauƙi, kiɗa ko'ina daga Osu har Labadi. Mutum ya je Cape Coast da Elmina, ya tsaya a ƙofar da aka fitar da kakanninsa zuwa jirgin ruwa, ya zubar da hawaye. Na sha tsayawa kusa da masu wannan kukan, kuma ina girmama shi ƙwarai. Sai dai Disamba ba ya nuna maka zafin Maris, lokacin da fanka ke hura wuta, ba ya nuna maka Yuni, lokacin da kogin Odaw ke tumbatsa. Duk wanda ya kwana a garin nan ranar 3 ga Yuni 2015 bai manta ba: ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka ci rayuka fiye da 150 a dare ɗaya. Gyaran ba shi da wuya. Ka sake zuwa da damina, ka bar otal, ka kama haya a unguwar da kake sha'awa na wata biyu ko uku. Ka hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, daga Madina zuwa Circle da ƙarfe bakwai na safe. Ka sayi yunit na mita da hannunka, ka ga ranakun da famfo ke kawowa da ranakun da sai an kira tanka. Idan ka shiga gida, dubi ƙasan bango daga waje. Inda ruwa ya taɓa kaiwa yakan bar zane, fenti ba ya ɓoye shi duka.

A kan fili zan daɗe, domin a nan ne na ga gumin shekaru ya tafi a banza.

Da yawa suna zuwa da tunanin cewa idan ka biya kuɗi, fili ya zama naka har abada kamar yadda suka saba a can. Tsarin mulkin Ghana na 1992, sashe na 266, ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili dindindin. Iyakar abin da zai samu hayar shekara 50 a karo ɗaya, wadda ake iya sabuntawa. Ɗan ƙasa ma, a filin sarauta, yawanci takardar shekara 99 ake ba shi. Duk ejan ɗin da ya ce wa baƙo zai sama masa fili na har abada, ko dai bai san doka ba, ko yana shirin cutarsa. Namu na zango su kula da kyau a nan: wanda ya ajiye fasfon Ghana don ya karɓi na Jamus a zamanin da Jamus ba ta yarda da riƙe biyu ba, a idon doka baƙo ne, ko da a zangon Aboabo aka binne cibiyarsa. Ghana ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu, saboda haka a fara gyara wannan kafin a sa hannu a kowace takardar fili.

Mafi yawan ƙasar Ghana tana hannun sarakuna da dangi. Fili ɗaya a Kasoa ko Amasaman ko Oyibi, wannan ɓangaren dangi ya sayar, wancan ma ya sayar, kowane mai saye yana riƙe da indencha, wato takardar fili, mai hatimi. Shi ya sa kake ganin jan rubutu a katangu cewa wurin nan ba na sayarwa ba ne. Daga nan sai samarin da ake haya su tsare fili su bayyana, ka aza bulo da rana su rushe da dare, duk da cewa dokar 2019 da Dokar Filaye ta 2020 sun haramta aikinsu. Abin da nake gaya wa kowa: kada sisi ya fita kafin bincike a Hukumar Filaye. Ka ɗauki safiyo naka, ba na mai sayarwa ba, ya auna wurin ya fitar da taswira, da ita za a yi binciken. Lauya ma naka. Sannan ka yi abin da takarda ba za ta yi maka ba, wato ka koma wurin kai kaɗai, ka gaida maƙwabta, ka sayi ruwa wajen mai kanti, ka tambaya ko an taɓa rigima a kan filin. Matambayi ba ya ɓata. A Kumasi akwai ƙarin mataki: takardar da sarkin yanki ya ba ka sai ta bi ta ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, a fadarsa ta Manhyia. Biya kuma ta banki, kashi-kashi, kowane kashi da rasit. Kuɗi a leda ba shi da shaida.

Wani kawuna ya yi shekara tara yana turo kuɗin gini daga Italiya. Ana aika masa hotuna ta WhatsApp, ga linta, ga rufi, ga tayil. Ranar da ya sauka ya ce a kai shi, sai aka fara kame-kame. Ashe hotunan gidan wani ne, nasa ko ƙafa uku bai tashi ba. Ya zauna a ɗakin mahaifiyata ya ce, “Yaya, wa zan kai ƙara? Ɗan ƙanina?” Ta ce, “Alhaji, haƙuri za ka yi, amma daga yau kuɗinka da idonka su riƙa tafiya tare.” Zuwa da kai ya fi aike. Wanda ba zai iya zuwa ba, ya ɗauki ma'aikaci da ba dangi ba, wanda zai iya sallama ba tare da zumunci ya ɓaci ba, a biya shi mataki-mataki, a riƙa kiran bidiyo daga bakin titi har cikin gini.

Shawarata ga kowa ita ce haya tukuna, aƙalla shekara guda. Dokar haya ta 1963 ta ce kada adibas ya wuce wata shida, amma masu gida shekara ɗaya ko biyu suke nema, kuma baƙo ya shirya wa hakan. Kada ka biya ejan kuɗin haya. Mai gida za ka gani ido da ido, a rubuta yarjejeniya, a duba ko akwai tsohon bashin wuta da ruwa. Kuma ba dole sai East Legon ko Cantonments ba, inda ake faɗin farashi da dala ko da yake Babban Bankin Ghana ya hana. Adenta, Madina, Dansoman, duk mutane ne ke zaune lafiya.

Sai lissafin kuɗi. Baƙo ya ci waakye, wato shinkafa da wake, da koko da ƙosai a bakin hanya, ya buga a wayarsa, ya ce ai rayuwa kyauta ce. Bai lissafa man janareta ba, da intanet, da gyaran mota, da cuku da man zaitun na manyan kantuna waɗanda sukan fi na ƙasarsa tsada saboda shigo da su ake yi. Babban abin ma shi ne sidi, kuɗin Ghana, ba ya tsayawa wuri ɗaya. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen shekarar ta kusa 15, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a Disamba. Masu fansho na dala suka ɗauka kullum haka za ta kasance. Sai ga 2025, sidi ya farfaɗo daga sama da 15 a Afrilu zuwa 10 da 'yan kai a Yuni. Mai karɓar dala 1,000 a wata ya wayi gari kusan sulusin kuɗinsa ya tafi, alhali farashin kasuwa bai sauko haka ba. Ka yi kasafinka a kan canji mafi muni, ka ajiye kuɗin wata shida da na tikitin komawa a inda ba ka taɓawa.

Kafin ka tattara kaya, ka tambayi ofishin fanshonka abin da zai biyo ka da abin da zai tsaya. Fanshon gwamnatin Ingila yana zuwa Ghana, amma ba a yi masa ƙarin shekara-shekara, yadda ka fito da shi haka zai daskare. Tallafin SSI na Amurka, na tsofaffi da naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi, yana tsayawa idan ka yi kwana 30 a waje. Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta Amurka, ba ya biyan kuɗin asibiti a nan. Mai girin kad kuma, idan ya wuce shekara bai koma ba, yana iya rasa shi.

Maganar takardu, mu 'yan zango ba ma buƙatar a koya mana. Kakanninmu fataken goro ne da suka yada zango, zango ya zama gida. Amma a Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya bar ƙasar, mutanen da aka haifa a nan suka bar gidaje da shaguna suka hau manyan motoci. Har yau tsofaffinmu idan suna ba da labarin murya takan canza. Saboda haka raina yakan ɓaci idan na ji baƙo yana cewa ai nan gida ne, ba ruwansa da biza. Bizar da ke fasfonka daban, kwanakin da jami'i ya buga maka a filin jirgi daban, yawanci kwana 60 ne, ɗan ƙasashen ECOWAS kuma 90. Ka duba hatimin, ka je ofishin shige da fice neman ƙari kafin ya ƙare, in ba haka ba tara tana taruwa. Mai niyyar zama ya nemi izinin zama da Ghana Card na baƙi, wanda sai da shi harkar banki da layin waya ke tafiya daidai. Dokar shige da fice ta 2000 ta buɗe ƙofar zama na dindindin ga jikokin Afirka da ke waje da kuma ɗan Ghana da ya rasa ƙasarsa ta hanyar karɓar wata. An kuma ba mutum 126 takardar zama ɗan ƙasa a 2019, da 524 a Nuwamba 2024. Hanyar tana nan, amma tana cin lokaci, kuma ba ta bi ta hannun dillali.

Wanda ke mafarkin buɗe ɗan shago ya rage zaman banza, ya san cewa dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ciniki a kasuwa, da aski, da kitso. Rikicin rufe shagunan 'yan Najeriya a Suame ta Kumasi da Circle daga nan ya samo tushe. A ga lauya kafin a kama shago.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa namu ya fi kamawa, saboda raini. Bature yana zuwa da maganinsa da gidan sauronsa. Borga sai ya ce, ni da na tashi a bakin babban kwatar Nima? Ai kariyar da jiki ya saba da ita tana gushewa bayan shekaru a ƙasar da babu cutar, kuma irin wanda ke nan shi ne mai kisa. Duk zazzaɓi, a yi gwaji a ranar. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tabbatar maganinsa yana samuwa a nan, ya sayi inshorar lafiya, ya kuma auna nisan gidansa da babban asibiti, Korle Bu ko asibitin sojoji na 37 a Accra, Komfo Anokye a Kumasi. Nisan a auna shi da cunkoson yamma, domin gidan bakin teku a Prampram yana da daɗi har ranar da ƙirji ya riƙe.

Akwai abin da ba a son faɗa, amma tsufa ya wajabta shi. Wanda ya yi aure a nan ya yi rajistarsa. Auren Musulunci dokar ta ce cikin mako guda. Wanda ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, kotu da Dokar Gado ta 1985 za ta yi aiki, ba da rabon malamai ba, kuma na ga 'ya'yan can da matar nan sun yi shekaru ba sa gaisawa a kan gida ɗaya.

Wata Hajiya 'yar Amurka, tsohuwar nas, ta zo mini shekarun baya da kuɗin fili a shirye. Na roƙe ta ta jira. Ta kama ɗaki biyu a Madina, ta koyi gaisuwa da Hausa da Twi, ta daina miƙa abu da hagu, tana zuwa suna da ta'aziyya, Juma'a kuma tana salla a babban masallacin Kanda. Da damina ta sauka muka je duba filin da ta so saya, ruwa ya kai mana gwiwa tun daga bakin hanya. Ta dube ni ta ce, “Ɗana, mu koma.” Ta sabunta hayarta. Rannan da ta kwanta rashin lafiya, matan gidan ne suka kai ta asibiti kafin ma a kira ni, kuma har yanzu ba ta sayi fili ba.